Liƙin Kuka da Sunan Malam Yazid

Mai girma shugaban wannan taro, Baba Solomon Dodo, wanda ya koya wa rabin mutanen da ke zaune a nan karatu, ya kuma zane sauran rabin saboda zuwa latti. Mai girma wakilin hakimi da 'yan rakiyarsa. Limamanmu da fastocinmu, waɗanda suka buɗe mana wannan zama da addu'a. Shugabar Ƙungiyar Mata Masu Girki ta Haɗa Kai, Hajiya Fadima. Shugaban masu aikin lantarki na garin Zuru da jama'arsa. Iyayenmu tsofaffin sojoji, waɗanda har yau ba sa zama a kujera sai da miƙaƙƙen baya. 'Yan'uwana mata da suka taso daga Manga, da Kanya, da Dirin Daji, wasu a mota, wasu a bayan babur. Maza da mata, manya da yara, waɗanda suka zo jin jawabi da waɗanda ƙanshin alale ya jawo: salama alaikum, barkanmu da war haka.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Gladys Ezekiel, matar marigayi Saje Ezekiel. Bariki bakwai na bi shi, a kowanne na kafa murhu, har Allah ya dawo da mu gida. Ni ce uwar madafar wannan ƙungiya tun ranar da aka kafa ta, yau shekara biyar cif.

Godiyata ta farko ga Allah ne, wanda ya nuna mana wannan rana da ranmu da lafiyarmu. Ina godiya ga mazajen da suka haƙura da tuwon da ya makara a gida don matansu su ciyar da gari. Ina godiya ga duk wanda ya taɓa ɗauko bikinsa, ko sunansa, ko zaman makokinsa, ya danƙa mana. Da murhu uku da tukwanen aro muka fara a gindin mangwaro. Yau ga mu da ɗakin girkinmu na bulo, mata ashirin da uku, muna dafa na Sallah, muna dafa na Kirsimeti, muna dafa na Uhola, bikinmu na gargajiya, kuma ba a taɓa tambayar mai riƙe da muciya inda take zuwa ibada ba. Raina fari ƙal yake yau, ba zan ɓoye muku ba.

Kwamitin shirya biki ya ce in yi magana a kan yadda ake gano matsalar wuta a madambacin lantarki, tunda ƙungiyoyin Kanya da Dirin Daji su ma suna shirin sayen nasu. Suka ce ai Mama Gladys ce ta san kan abin nan, wata takwas yana hannunta ko tari bai yi ba. Na karɓa da hannu biyu, amma da dalilina. Akwai sunan wani bawan Allah da ya ɓaci a garin nan saboda wannan madambaci, wato Malam Yazid mai aikin waya, mutumin Jega, wanda ya shekara goma sha ɗaya a cikinmu. Ga shi can a layin baya, kusa da randar ruwa. Ni na tura aka kira shi, kuma sai da na aika sau uku ya yarda ya zo. Mai sana'ar hannu da sunansa yake cin abinci, balle baƙon da ba shi da gona a nan. Don haka zan faɗa muku abin da na koya, ɗaya bayan ɗaya, kuma kafin in sauka za ku san abin da ya sami sunan nan.

Bari in fara kwatanta muku abin, don waɗanda ba su taɓa leƙa madafarmu ba. Akwati ne na ƙarfe, tsayinsa ya kai na firji, da farantai goma sha biyu a jere a ciki. A ƙasansa akwai tankin ruwa, a cikin ruwan akwai hita, wato ƙarfen da wuta ke bi ya tafasa ruwan. A gefe akwai ɗan akwatin wayoyi, a sama kuma akwai wata 'yar kafa da tururi ke fita. Alale gwangwani ɗari shida yake ɗauka a tashi ɗaya, ba hayaƙi, ba hawaye, ba neman itace. Malam Yazid ne ya ja masa waya bara, ya sa masa bireka a bango, wato makunnin nan da ke faɗuwa da kansa ya yanke wuta idan ya ji abin da bai gamshe shi ba. Wata biyu yana aiki lafiya lau. Daga nan sai ya fara wani hali: a kunna, ruwa ya tafasa, tururi ya kankama, alale ya fara kama jikinsa, sai ka ji ƙwas, bireka ta faɗi. A ɗaga ta, ta sake faɗuwa.

Abu na farko da nake so kowace mace ta riƙe shi ne wannan: idan bireka ta faɗi, kada ki yi kokawa da ita. Faɗuwarta gargaɗi ne, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira. Mu da farko ɗaga ta muke yi sau biyar, sau shida, har 'yar'uwata Rachel, wadda muke girki tare, ta kawo shawarar a tokare ta da itace. Da Malam Yazid ya ji haka sai da ya dafe kai. Ya ce mana abin nan ruwa ne da wuta a gida ɗaya, mu kuma da jiƙaƙƙun hannuwa muke aiki, wasu ma ba takalmi. A kashe babban makunni, a bar shi ya huce, a kira mai gyara. Shi kansa ban taɓa ganin ya buɗe akwatin wayoyin ba sai ya kashe wuta daga tushe, ya ɗora testa, abin gwada wuta, ya tabbatar, ya kuma ja mana kunne kada wadda ta taɓa makunnin yana cikin aiki.

Abu na biyu: a bi wuta tun daga inda ta fito har inda ta tsaya, a gwada kafin a canja. Na zauna na kalli mutumin nan yana aiki har na haddace. Yakan fara da wutar da ke shigowa, ta layi ce ko ta janareta, ya auna da mita ya ga ko ta cika. Sai bireka, sai fiyus, sai wayar da ta taho daga bango, ya bi ta da hannu ko ɓera ya ci, ko wani wuri ya yi baƙi. Sai ya buɗe akwatin, ya taɓa kowane kan waya ya ji ko ya saki, ya shinshina ko akwai ƙauri. Sai ya cire wayoyin hita ya auna ta ita kaɗai, ya ga ko ta yanke, ko tana zubar da wuta a jikin ƙarfe. Sai ma'aunin zafi, sai ɗan ƙwallon da ke tare ruwa idan tanki ya cika. Shi ya nuna mana farin dattin da ruwan burtsatse ke bari a jikin hita, ya ce a riƙa wanke shi da ruwan tsami duk mako, don yana sa ta wahala. Sau huɗu ya zo, sau huɗu ya bi wannan layi tun daga farko, sau huɗu komai ya nuna lafiya. Ya cika tanki, ya kunna, ya zauna awa biyu yana kallo, tururi na tashi, bireka ko gezau. Ya tafi, washegari mu ɗora alale, ta faɗi.

To, kun san halin bakin mutane. Aka fara cewa injin yana jin tsoron Malam Yazid. Daga nan aka koma cewa Malam Yazid ne bai san inda ciwon yake ba.

Sai ga ranar bikin auren nan na Manga. Wasunku suna wurin, ba sai na tsawaita ba. Gwangwani ɗari shida a ciki, motar ɗaukar abinci a ƙofa, bireka ta faɗi ta ƙi tashi. Muka kwashe alale rabin dahuwa muka koma murhun itace, muka isa gidan biki bayan an sallami rabin baƙi. Uwar amarya ba ta zage mu ba, kuma da zagin ta yi da ya fi mana sauƙi. Kallonmu kawai ta yi, ta ce an gode. A makon nan aka ɗauko wani mai gyara daga nesa, ba zan kama sunansa ba. Bai auna komai ba. Ya canja hita, bireka ta faɗi. Ya canja ma'aunin zafi, ta faɗi. Da ya ga kunya na neman kama shi, sai ya buga bango da hannu ya ce duk wanda ya ja wayar nan bai san aiki ba. Ya hau motarsa ya tafi, maganar ta zauna. Magana zarar bunu ce. Kafin Lahadi ta zagayo an ji ta a kasuwa, an ji ta a tasha, an ji ta a ƙofar coci da ƙofar masallaci.

Abu na uku, wanda ni a ganina ya fi sukundireba amfani: a yi tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Bayan duk wannan, ba wanda ya kira shi, Malam Yazid ya dawo da kansa wata safiyar Talata, ko jakar kayan aikinsa bai sauke daga babur ba. Ya gaishe mu, aka amsa masa ciki-ciki. Ya ce, da Hausarsa ta mutanen Jega, "Mama, ina son ku tuna mini. Wane mako na abin ga ya soma?" Muka yi ta lissafi, wannan ta ce kafin girbin dawa, waccan ta ce bayan. Rachel ta ce, "Ai ba zan manta ba, makon da Mama Gladys ta dawo daga Dirin Daji ne, don da ƙosan rogon da ta kawo mana tsaraba a bakina na fara jin ƙarar." Gaskiya ta faɗa. Lokacin da aka kawo madambacin ina can wajen 'yata da ta haihu, wata biyu ina yi mata wankan jego. Muka yi dariya, aka ce Mama ta dawo da farar ƙafa. Shi bai yi dariya ba. Cewa ya yi, "To ku yi mini alfarma guda. Yau ba ni taɓa komi. Ku yi girkinku yadda kunka saba, ni in zauna in gani."

Wannan ne ya kawo ni abu na huɗu: a ga inji a hannun masu shi, a lokacin da yake aikinsa na gaskiya. Gani ya kori ji. Duk zuwan da yake yi a baya da la'asar yake zuwa, bayan mun gama, mun wanke, mun goge, komai ya bushe. Ranar nan ya jawo benci ya zauna a tsakiyar madafar mata, namiji guda cikin zannuwa ashirin. Ba irin tsiyar da ba a yi masa ba. Wata ta miƙa masa albasa ta ce tunda ya zo sai ya yanka, ya karɓa ya yanka, yana hawaye muna dariya. Aka markaɗa wake, aka zuba a gwangwani, aka jera, aka rufe ƙofa, aka kunna.

Ni kuma na yi abin da nake yi kullum. Jama'a, duk macen da ta taɓa turara dambu a nan ta san shi. Idan kika ɗora madambaci a kan tukunya, sai ki kwaɓa garin kuka da ɗan ruwa, ki bi bakin ki liƙe, don kada tururi ya tsere. Haka uwata ta koya mini a Manga, haka tata uwar ta koya mata. Macen da ta bar tururi na fita ta gefe, ragguwa ake ce mata. To ni tun ranar da na dawo na ga wannan 'yar kafa ta sama tana fitar da tururi fuu, sai raina ya ɓaci. Na ce wane irin maƙeri ne ya ƙera abu mai tsada haka ya bar shi da huji? Na kwaɓa kukata, na hau kujera, na liƙe ta tsaf. Kullum haka nake yi. Idan an gama kuma in kankare, in wanke, in goge, don ba na barin ƙazanta ta kwana a madafata. Matan nan duk suna gani, ba wadda ta taɓa kawo shi a magana, domin a wurinmu liƙe madambaci kamar sa gishiri a miya ne, ba wanda zai tsaya ba da labarinsa. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, kuma ranar nan ni ce a ɗaure a turken.

Malam Yazid yana kallona. Sai ya tashi a hankali ya kashe babban makunni tun bireka ba ta faɗi ba, ya ce yana so ya duba wani abu, matan su ɗan sha iska a waje. Da suka fita sai ya ce, "Mama, ke ki tsaya." Ya sa doguwar muciya daga nesa ya ture liƙin, tururi ya yi tsalle har rufi. Ya jira abin ya huce, ya ɗora testa, ya kwance akwatin wayoyin, ya ce in matso. Na leƙa. Kowane kan waya da ɗigon ruwa a jikinsa, bangon akwatin yana zufa.

Ya ce, "Mama, wagga kafa da kinka liƙe, hancinsa ta. In anka toshe ta, tururi sai ya nemi wata hanya. Ya bi ta inda wayoyi sunka shiga, ya koma ruwa bisa kansu, bireka ta ji, ta yanke wuta don kada ƙarfen ga ya kama ɗayanku. In na zo da la'asar kin kankare, ya bushe, mi zan gani?" Sannan ya nuna mini ƙofar madambacin, ya ce da wata rana tururin ya rasa hanya gaba ɗaya, da ƙofar nan ce za ta bugo, kuma Rachel ce kullum ke tsaye a gabanta.

Na zauna a kan bencinsa. Shekara arba'in ina girki, na ciyar da kwamandoji, na ciyar da gwamnonin soja a bariki, ga shi sa'an ɗan cikina yana nuna mini da yatsa inda na kusa ƙona fuskar 'yar'uwata. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ranar nan babbar ce a kan kujera da kwanon kuka, ba ta hango komai ba.

Ya busar da akwatin, ya sa sabuwar roba a inda wayoyin suka shiga, ya ɗaure. Yana cikin haka Hajiya Fadima ta shigo, matan na biye da ita. Ta ce, "Malam, an gano?" Na buɗe baki, ya riga ni. Ya ce, "Ruwa na ka shiga akwatin wayoyi, Hajiya. Na gyara, in Allah ya so ba shi ƙarawa." Bai yi ƙarya ba, amma bai ƙarasa ba. Kowa a ɗakin ya fassara maganar yadda ya ga dama: ashe dai shi ne ya bar kafa tun farko, yau ya toshe abinsa. Wata ma ta faɗa a fili. Ni ina zaune, kwanon kuka a ƙarƙashin zanena, na yi shiru.

Da zai hau babur na bi shi waje. Na ce, "Ɗana, me ya sa ba ka faɗa ba?" Ya ce, "Mama, ni in anka ce ban iya ba, gobe sai in ƙara koyo. Ke kuwa da muryarki ɗakin ga ka tafiya. In ɗiyanki sunka yi miki dariya yau, gobe wa za ya ji maganarki? Ki dai bar liƙe shi, shi ke nan."

Na bar liƙewa. Madambaci ya miƙe, bai sake ko tari ba, sai yabo ya dawo kaina. Ana cewa tun da Mama Gladys ta sa ido abin ya daidaita. Ina ji, ina murmushi, ina gyara ɗaurin kallabi.

Shi kuwa fa? An riga an yi masa alkawarin aikin wayar wasu shaguna a Kanya, aka janye. Wani mai gina gida a nan cikin gari ya aika masa cewa ya dakata tukuna, har yau bai sake aikawa ba. Ƙungiyarsu ta masu aikin lantarki ta kira shi ta yi masa gargaɗi, ya sunkuyar da kai ya karɓa. Matarsa ta je sayen manja, wata ta ce mata a gaishe da mai gida, a ce ya riƙa toshe kafa. Duk wannan ya dawo kunnena. Kowace Lahadi ina zuwa coci in ce wannan makon zan faɗa, kowace Litinin in shiga madafa in ga yadda yaran nan ke ce mini Mama, sai bakina ya yi nauyi. Idan muka haɗu a hanya shi ke fara sauka daga babur ya gaishe ni, ya tambayi gwiwata. Wannan gaisuwa ta fi komai ci mini rai.

Abu na biyar, kuma na ƙarshe, na masu girki ne da masu gyara baki ɗaya: idan an gano matsala, a faɗi inda take, ko da a hannunka take. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Liƙin kuka rashin sani ne, kuma ba na jin kunyar abin da uwata ta koya mini; a kan tukunyar ƙasa gobe ma zan liƙe. Amma shirun wata takwas da sanina na yi shi, ina ci, ina sha, ina karɓar yabo, mutum yana can yana rasa aiki. 'Yan'uwana na Kanya da Dirin Daji, idan naku ya iso, ku bar masa hancinsa ya yi numfashi. Idan kuma mai gyara ya tambaye ku me kuke yi masa, ku faɗi duka, har abin da kuke ganin bai kai a faɗa ba.

Jiya da rana na je shagon Malam Yazid na gaya masa abin da zan yi yau. Ya roƙe ni in bari, ya ce abin ya wuce, ya ce Allah na nan. Na ce masa na ji maganarsa sau ɗaya, ta ishe ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Malam Yazid, don Allah ka miƙe jama'a su gan ka. Kada ka girgiza mini kai, ka miƙe, uwarka ce ke magana. Yauwa.

Jama'ar Zuru, ku dube shi da kyau. Wayar da mutumin nan ya ja mana ba ta da aibu ko na ƙwayar gero. Birekar da ya sa ita ta tsare rayukanmu, tana faɗuwa muna zaginta. Alalen bikin Manga ni na ɓata shi, kuma ina roƙon gafarar mutanen gidan, na ga wasunsu a nan. Shugaban masu aikin lantarki, ina roƙonka a gaban kowa ka janye gargaɗin nan, ka kuma faɗa a taronku cewa an janye. Masu shagunan Kanya, ga matanku a nan, za su kai muku labari. Ku kuma da kuka ɗauki waccan magana kuka kai kasuwa, kuka kai tasha, kuka kai ƙofar coci da ta masallaci, ban ga laifinku ba, abin da kuka ji kuka faɗa. Amma ƙafar da ta kai waccan, ita nake roƙo ta kai wannan, wuri ɗaya, mutane ɗaya, da murya irin wadda aka faɗi ta farko.

Hajiya Fadima, 'yan'uwana mata, kun ji abin da uwar madafarku ta yi. Idan kun ga in ci gaba, zan ci gaba. Idan kun ga in koma wankin gwangwani, wallahi zan wanke su fes, kuma da kwanciyar rai fiye da na wata takwas ɗin nan.

Allah ya albarkaci wannan ƙungiya, ya ƙara mata shekaru masu yawa cikin haɗin kai. Allah ya tsare hannuwan da ke girki da hannuwan da ke gyara, ya raba mu da gobara, ya raba mu da jan wuta. Allah ya ba ƙasar Zuru zaman lafiya, ya ba manomanmu damina mai albarka, ya dawo mana da 'ya'yanmu da ke bakin daga lafiya. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, na kusa da na nesa. Allah ya mayar wa wannan bawa nasa duk abin da shiruna ya hana shi, ya ninka masa.

Ɗana Yazid, ka rufa mini asiri, ni na bar ka a rana. Gwiwata ba ta lanƙwasuwa, ka sani, da na durƙusa maka a nan. Ni na yi, ba kai ba, kuma na faɗa a gaban Zuru. Ka yafe mini.

Na gode.